Injin Yankan Itace: Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Dajin Madobiya

Saƙon murya ne autanmu ya turo mini ta WhatsApp, ina cikin motar haya a titin Mustafa al-Nahhas, na taso daga aikin dare. Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda daga jin tsawonta na san akwai magana a bayanta, sai ya ce: "Yaya, sana'a na samu. Injin yankan itace nake so ki taimaka mini da shi. Amma ki bincika mana a can, tsakanin Stihl da Husqvarna wanne ya fi."

Ku da ke zaune a waje kun san irin wannan saƙo. Wani babur ake nema a wurinsa, wani injin markaɗe, wata keken ɗinki. Kuma a zatonsu duk wanda ya hau jirgi ya san komai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da na sani game da wannan inji shi ne irin raunin da yake yi wa mutum. Amma tun da kuɗina ne za su saye shi, kuma hannun ɗan uwana ne zai riƙe shi, sai na zauna na bi asalinsa. Abin da na fara cin karo da shi ya sa na ajiye kofin shayi: ashe daga gidanmu ya fito, wato daga aikin asibiti.

A wajejen 1780, likitoci biyu a ƙasar Sukotlan, John Aitken da James Jeffray, suka fito da wata 'yar sarƙa mai haƙora, da mariƙi a kowane gefe, ana jan ta gaba da baya. Jeffray yana yanke ruɓaɓɓen ƙashi da ita. Shi kuwa Aitken, malamin ungozoma ne, ya nuna ta a littafinsa na 1785 don matan da naƙuda ta tsaya musu. Idan kan jariri ya ƙi wucewa, sai a raba mahaɗar ƙashin mara ta gaba don hanya ta ƙara faɗi. Ku tuna fa, maganin sa barci bai shigo aikin tiyata ba sai 1846. Matar idonta biyu. Duk wadda ta taɓa haihuwa a cikinku ta san abin da nake nufi, ba sai na ƙara ba. A 1830 wani likitan ƙashi Bajamushe, Bernhard Heine, a garin Würzburg, ya ɗora sarƙar a kan wani ƙarfe mai kamar takobi, ya sa mata abin murzawa da hannu, tana zagayawa ba tsayawa. In kuka ga hotonsa, wallahi injin yankan itace ne sak, sai dai ƙarami. Daga baya, a 1894, zarton waya na likita Gigli ɗan Italiya ya karɓe aikin a asibiti, kuma har gobe ana yanke ƙafa da shi. Na sha miƙa shi a ɗakin tiyata ban san kakansa ba.

Sai bayan kusan shekara ɗari sarƙar ta shiga daji sosai. Andreas Stihl, injiniya a Stuttgart ta Jamus, ya ƙera mai amfani da lantarki a 1926. A 1927 Emil Lerp ya fito da mai shan fetur, ya sa wa kamfaninsa suna Dolmar, sunan dutsen da ya gwada injin a kansa. Stihl ya biyo da nasa mai fetur a 1929. Waɗannan na farko sun haura kilo 40, sai ƙarti biyu ke riƙe ɗaya. Ita ma sarƙar lokacin saurin dakushewa gare ta, sai da wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da lanƙwasassun haƙora, dama da hagu. Ya kwaikwayi bakinta, ya fara sayar da sabuwar sarƙa a 1947, kuma tsarinta ne ake bi har yau. A 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra mai nauyin kilo 12, wanda mutum ɗaya zai saɓa ya shiga daji. A wannan shekarar ce kuma Husqvarna ta ƙasar Suwidin ta fara nata injin. Ita tsohuwar masana'anta ce, tun 1689 take, kuma bindiga ta fara ƙerawa, daga baya keken ɗinki da babur. To gardamar da autanmu ya jefo ni ciki, daga nan ta samo asali, kuma Turawa ma ba su gama ta ba.

Yanzu mu koma gida. Kafin injin ya iso mana, gatari ne da gizago. Ina yarinya a ƙauyenmu a ƙasar Katsina, in masassaƙi zai kayar da kirya don turmi, aikin yini ne, wani lokaci har ya kwana. Kafin ya gama, duk garin ya ji sara, mai gona ya zo, mai unguwa ya ji labari. Nauyin aikin shi kansa wani shinge ne. Ga kuma abin da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba: ɗorawa ba a taɓa ta, don daddawa da garin ɗorawa. Kaɗanya ta man kaɗe ce. Kuka miya ce. Gawo kuwa manomi na lallaɓa shi, domin shi da damina yake zubar da ganye, ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci. Tsamiya ma an ce da iskoki, ko ba komai tsoron ya cece ta. Itacen girki mata da yara ke tsintowa, busasshe.

Da Turawa suka zo sai suka mai da maganar ta takarda. A Nijeriya aka yi dokar gandun daji a 1916, aka sake ta a 1937, aka keɓe dazuzzuka, aka sa malaman daji. A ɓangaren Faransa, dokar 1935 ta sa muhimman itatuwa a hannun hukuma, har wanda ya tsiro a tsakiyar gonarka. Ku dubi abin da hakan ya haifar a Nijar: manomi ya ga in itace ya girma a gonarsa tara zai jawo masa in ya taɓa shi, sai ya riƙa sassabe shi tun yana toho. Dokar da aka yi don kare itace ita ta koya wa mutane ƙin sa. Sai a 1983, a Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurarrajin da ke cikin gonaki kututtura ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. Ba sai an dasa ba, a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ya bazu, hukuma ma ta sassauta, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, wajen miliyan 200. Kayan aikin nan duka wuƙa ce da adda. Na daɗe ina juya wannan a raina.

A Nijeriya kuwa inji ne ya yi nasa tarihin. Wanda ya fi suna a wurin masu tsaga katako shi ne Stihl 070, tsohon samfuri na ƙarshen shekarun 1960, ƙato, mai nauyi, wanda kowane bakanike ya iya kwancewa ya ɗaura. Da shi mutum biyu za su kayar da maɗaci su tsaga shi alluna a nan inda ya faɗi, ba sai an kai injin tsaga na gari ba. Abin ya yi yawa a Gana har aka haramta tsaga katakon sayarwa da shi a 1998, 'yan uwanmu na zangon Kumasi za su ba ku labarin yadda dokar ta kasa hana katakon cika kasuwa. Mu kuma namu babban darasin madobiya ce. Bayan 2010, masu kuɗin Caina suka buɗe ido kan jan katakonta don kujeru da gadaje na alfarma. A Taraba ana ce mata madrid, a takardun fitarwa kosso. Matasa suka bar gona suka shiga dazuzzukan Bali da Gashaka, manyan motoci na kwasa zuwa Legas dare da rana. Kuɗi sun shigo, ba ƙarya. Amma itace ce mai jinkirin girma, ita makiyaya ke sassaɓo wa shanu ganyenta da rani. A farkon 2017 aka sa ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin halittun da ke neman ƙarewa, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kafin nan manyan sun riga sun tafi. Injinan kuwa ba su koma cikin kwali ba, sun juya kan kirya da marke don gawayi, har da kaɗanya, tun da kalanzir ya gagari talaka, gas ma haka.

Nan Masar da nake zaune ba su da daji, kuma sun san ba su da shi. Tun zamanin Fir'auna Sneferu, sama da shekara 4,500 da suka wuce, an rubuta zuwan jiragen ruwa 40 ɗauke da katako, kuma dazuzzukan Lebanon suka daɗe suna ciyar da su. Yau ma kafintocin Dumyat da katakon Suwidin da Finlan da Rasha suke aiki. Saboda haka duk itacen da kuka gani a Alƙahira wani ne ya dasa shi ya yi ta ba shi ruwa. Unguwarmu Madinat Nasr hamada ce aka yanka a shekarun 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir. Maƙwabciyarmu Masr al-Gadida ta girme ta, tun 1905 Baron Empain ɗan Beljiyam ya kafa ta, da faffaɗan tituna masu lambu a tsakiya. Tsakanin 2019 da 2020 aka faɗaɗa titunan aka yi gadojin sama, kuma ƙungiyar mazauna unguwar mai kula da kayan tarihi ta ƙidaya itatuwa sama da 2,500 da suka tafi. Na ga wani sashen da idona. Itacen da ya shekara hamsin yana ba masu jiran mota inuwa, kafin ka gama waya ya kwanta. Yanzu motoci na gudu, gaskiya ne, cunkoso ya ragu a wasu wurare. Amma ku zo a watan Yuli ku tsaya jiran mota a bakin titi da ƙarfe biyu na rana, ku ga tsofaffi na laɓewa a inuwar turken fitila.

To, na san kuna jiran amsar: wanne ya fi? A ganina, tsakanin manyan biyun nan babu wanda zai ba mai shi kunya in na gaske ne. Abin dubawa shi ne wanda kayan gyaransa ke kusa da kai, kuma bakaniken garinku ya san cikinsa. A yawancin kasuwanninmu Stihl ne ya cika wannan sharaɗi, shi ya sa kuma jabunsa ya fi yawa, fenti iri ɗaya, suna iri ɗaya. In farashi ya yi daɗi fiye da kima, a ja baya. Amma ni abin da na fi tsayawa a kai birki ne. Idan ƙarshen takobin ya taɓi ice ba shiri, injin kan yi harbi ya taso sama wajen fuska da kafaɗa, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro birkin da ke tsayar da sarƙa in hakan ta faru, amma tsofaffin samfura da yawa da ke yawo a wajenmu ba su da shi, wasu kuma masu shi ke cirewa wai yana rage sauri. Sarƙar nan na gudun wajen mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ba yanka take yi irin na wuƙa ba, yagar nama take, ta cusa ɓawo da baƙin mai a ciki. Lokacin da nake aiki a wani asibiti a gida an kawo mana wani saurayi, cinyarsa ta hagu a buɗe, sun ɗaure ta da rawani sun yi tafiyar awa uku a kan babur. Ya rayu, ƙafar ce ba ta rayu ba. Da zarton Gigli aka cire ta. Ga ƙara, wadda ta wuce desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ga girgizar da ke sa yatsu su yi fari su mutu bayan shekaru.

Na kira autanmu ran Juma'a bayan an sauko. Na ce zan tura kuɗin, amma kashi biyu. Na farko na hular kwano da abin toshe kunne da takalmi da wandon kariya, mai zare a ciki da ke shaƙe sarƙa in ta taɓa shi, da allurar rigakafin sandarewar jiki, ya turo mini hoton katin. Ya fara bin wani tsohon ofareta na wata uku, ya kuma je ofishin gandun daji ya ji abin da ake bukata na izini. Sannan kashi na biyu. Na ce akwai aikin datse rassan dalbejiya a cikin gari, da itacen da iska ta kayar, da waɗanda suka jingina da katangar mutane, ya fara da su. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai kuɗin suna wajen gawayi." Na ce na sani. Ya ce wandon ma ya tambaya a Kano, tsadarsa ta kusa ba shi ciwon kai, kuma wa zai sa wannan abu a zafin Afrilu?

Daga ƙarshe na tambaye shi ɗorawa biyun nan na gonar Baba, na gabas da rijiya, ko suna nan. Ya yi shiru kaɗan, ya ce ɗaya tana nan. Ɗayar tun bara aka sayar, da za a yi wa Inna aikin ido, kuma ba wanda ya so ya faɗa mini. Naira nawa? Ya faɗa. Bai kai abin da nake biya na hayar wata ɗaya a Hayyul Ashir ba. Kashin farko na kuɗin ya tafi ranar Litinin, na biyun yana nan tukuna.