Zane Uku a Kasuwar Maradi: Tarihin Takalmin Adidas da Hanyar Shigowarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Adidas domin nuna cewa fataucin Alhazai da kasuwar gwanjo ne suka kawo takalminsa Maradi, ba shagunan kamfanin ba.

Asali da sauyi

A 1924 ƴan'uwa biyu, Adolf da Rudolf Dassler, suka buɗe masana'antar takalma a garin Herzogenaurach na Jamus. Da suka raba gari a 1948, Rudolf ya kafa Puma, Adolf kuma ya yi wa Adidas rajista a 1949. Sunan ya yi tashe a 1954, lokacin da Jamus ta Yamma ta doke Hangari da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin duniya, cikin ruwan sama, ƴan wasanta sanye da takalman Adidas da ake kwance ƙusoshinsu a canza. Amma sauyin da ya fi shafarmu ya zo ne bayan 1993, da Robert Louis-Dreyfus ya karɓi ragamar kamfanin: aka mayar da yawancin ɗinki Asiya, kamfanin ya riƙe suna da talla. A ganinmu, wannan ne ya sauƙaƙa wa masu jabu.

Hanyar Maradi

Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maradi, ya nuna yadda ƴan kasuwar birnin suka koma ga shigo da kayan waje suna tsallakawa da su Najeriya, bayan kasuwar gyaɗa ta faɗi. Wannan hanya, daga Kwatano zuwa Gaya, Maradi, Ɗan Isa da Jibiya, ita dilolin gwanjo suka daɗe suna bi kafin rufe iyakar Nijar da Benin a 2023.

A kasuwa takalmin iri biyu ne: na gwanjo, da sabo na kwaikwayo daga Sin, dukansu da zane uku na Adidas. Mai gwanjo yakan wanke nasa da omo da buroshi, ya cusa takarda ya miƙe. Mai saye kuwa yakan lanƙwasa tafin, ya duba ko ɗinki ne ko gam. Matashin Tibiri ko Jiratawa da ke buga ƙwallo a rairayi ya fi damuwa da ƙarko, kuma in tafin ya ɓalle, mai gyaran takalmi ya ɗinke masa da zare.

Batun fata

Abin da ya kamata ya dami masu nazari shi ne, yankin da ke da jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ya dogara da ragowar takalman waje. An kafa majemar zamani ta SONITAN a birnin, daga baya ta durƙushe, fata ta ci gaba da fita ba a mayar da ita takalmi ba. Muna kira ga masu bincike a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ƙididdige wannan kasuwa, daga dila zuwa ƙafar mai saye.