Rangwamen da Ba Shi da Ranar Ƙarewa

Akwai wata tambaya da matasan da suka shigo sana'ar kanti suke yawan yi wa tsofaffin hannu, musamman waɗanda suka koyi ciniki ta waya da intanet: me ya sa za a zauna jiran ƙarshen bazara kafin a karya farashi, bayan ana iya manna takardar rangwame kowace safiya? Ba rashin kunya ke sa su yin ta ba. Sun taso ne a zamanin da jar takarda ba ta sauka daga tagar kanti tun daga Janairu har Disamba, don haka ba su san an taɓa yin lokacin da magidanta ke tara kuɗi wata da watanni domin mako biyu kacal ba. Mu da muka yi furfura tsakanin sito da teburin ciniki, abin yana ci mana rai. Maganar da nake so in kafa ɗaya ce: rangwamen ƙarshen bazara ya yi ƙarfi ne da abu biyu, tsohon farashi na gaskiya da ranar ƙarewa da kowa ya sani. Wanda ya cire waɗannan biyun ya bar lambar kashi 50 cikin 100 ita kaɗai, da hannunsa yake kashe kasuwarsa.

A manyan kantunan Amurka da Turai kalanda ce ke mulki. Kayan bazara sukan sauka tun sanyi bai gama tafiya ba, kuma kafin watan Yuli ya raba tsakiya kayan komawa makaranta da rigunan sanyi sun riga sun tsaya a bakin ƙofa suna neman wuri. Rigar shan iska, takalmin yawo, fanka, kujerun lambu, zanen gado mai shara-shara, duk dole su tashi. Tufar yayi 'yar uwar tumatir ce, ruɓewarta ce kawai ba ta wari. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da atamfar Sallah ta yi masa kwantai ya san wannan ba sai an karanta masa ba: jarinsa ne kwance a kan shiryayye, ba ya iya komawa sari da shi, kuma kowane mako da ya ƙara yana taurin kai a kan farashi, darajar kayan ƙasa take yi. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa mai sayo wa kanti kaya shi ne ya ɗauki asara da wuri, tun tana ƙarama.

Amma irin wannan rangwame ba ya yiwuwa sai inda aka rubuta farashi. A kasuwar da ake tayawa, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama, ragin yana faruwa ne baki da baki, kowa da nasa rabon. Sai da irin su Aristide Boucicaut, wanda ya shiga kantin Bon Marché na Faris a 1852, da John Wanamaker na Filadelfiya suka tsaya a kan farashi ɗaya ga kowa, rubuce a jikin kaya, sannan soke lamba da rubuta wata a ƙarƙashinta ya zama magana mai nauyi. Wanamaker ne ya yi suna da rangwamen zannuwan gado da tawul a Janairun 1878, domin ya motsa kasuwa a watan da take mutuwa. Mutane sun yi tururuwa saboda da idonsu suka ga lambar da ke jikin zanen a Disamba. Amanar da aka tara a watannin cikakken farashi ita ake ci a makon rangwame.

Wanda ya kai wannan tunani maƙura, kuma wanda nake ganin ya cancanci duk mai wannan sana'a ya kira shi malaminsa, shi ne Edward Filene na birnin Boston. A 1909 ya kafa wani tsari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kantin gidansu, wurin da duniya ta sani da Filene's Basement. Kowane kaya da ya sauka can ana buga masa ranar shigarsa a jikin takardar farashi. Idan ya yi kwana 12 na ciniki ba a saya ba, kashi 25 cikin 100 ya faɗi. A kwana na 18, rabin kuɗi. A kwana na 24, kashi 75. Idan ya cika kwana 30, ya fita daga hannun kanti, sai a miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji. Babu manajan da zai ɗaga ranar, babu mai roƙon a ƙara masa mako. Rigar da ta shigo a dala 100 za ta koma 75, ta koma 50, ta koma 25, sannan ta tafi sadaka, kuma mai saye na iya lissafa wannan da kansa ta duban takarda da allunan kwanakin da aka rataye a sama. Masu sana'a na lokacin sun ɗauka hauka ne, domin a ganinsu kowa zai naɗe hannu ya jira kwana na 24. Abin da ba su hango ba shi ne, mai jira ba da kanti yake ja-in-ja ba, da maƙwabciyarsa yake, wadda ita ma ta ga rigar kuma awonsu ɗaya. Tsoron kada wani ya riga ka shi ya sa mafi yawan kaya ke tashi tun kafin ragin farko.

Hikimar da ta fi wannan zurfi ba a kan mai saye take ba, a kan ma'aikatan kanti take. Mai sayo kaya da ya san agogo zai fara bugawa daga ranar da kayansa suka sauka ba zai kuskura ya sa farashin mafarki ba, domin kwana 12 kawai yake da su kafin kuskurensa ya fito fili gaban kowa. Dole ya yi sari da kyau, ya sa farashin farko a inda kaya za su motsa. Wannan 'yar ranar da ke jikin takarda ta hana ma'aikaci ɓoye kwantai a lungun sito don kada a ga gazawarsa, ta kuma hana kanti yi wa kansa ƙarya a littafin lissafi, inda ake rubuta kayan bara da darajar bana. Duk wanda ya taɓa ƙidayar kaya a ƙarshen shekara ya san yawan kantunan da wannan ƙarya ta ci. Filene kansa bai ƙare da daɗi a gidan ba, domin a 1928 abokan hannun jarinsa suka janye ragamar gudanarwa daga hannunsa saboda ra'ayoyinsa na bai wa ma'aikata murya, ya koma ya ba da ƙarfinsa ga kafa ƙungiyoyin adashi da lamuni na talakawa har ya rasu a 1937. Tsarin nasa kuwa ya yi kusan shekara 100 yana aiki, kwanakin kawai aka ɗan tsawaita daga baya.

Wurin ya tara labarai da ba sa ƙarewa. A zamaninsa, jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauke mutane kusan a bakin ƙofarsa. An shekara da shekaru babu ɗakin gwada kaya, mata suna gwadawa a tsakanin tebura. Wasu masu wayo sukan tura rigar da suke so ƙarƙashin tulin wasu kaya, su dawo ranar da farashinta zai faɗi, ma'aikata kuma suna bi suna tonowa. Tun daga 1947 aka fara ware rana guda ta rigunan amare, wadda daga baya ta zama abin kallo, amare da ƙawayensu suna kwana a layi, ana buɗe ƙofa su kwashe komai cikin 'yan mintuna, sannan su zauna musaya a tsakaninsu. Ragowar kayan manyan kantuna masu tsada irin su Neiman Marcus nan suke ƙarewa, sakatariya ta sa abin da matar attajiri ta sa watanni uku da suka wuce.

A Turai doka ce ta yi aikin da Filene ya yi da alƙalaminsa. A Jamus, a da, rangwamen ƙarshen bazara yana farawa ne Litinin ta ƙarshe a watan Yuli, ya yi kwana 12 na aiki, kuma kayan da yanayi ya shafa kawai aka yarda a sa, kamar tufafi da takalma da kayan fata da na wasanni. An soke wannan ƙa'ida a 2004. Faransa ta riƙe tata har yau: ana farawa wajen Larabar ƙarshe ta Yuni, mako 4 ne tun daga 2020 bayan an rage shi daga 6, kayan da za a sa dole su kasance a kanti aƙalla wata guda kafin ranar, kuma a wannan lokaci doka ta yarda ɗan kasuwa ya sayar ƙasa da kuɗin da ya saro. Sharaɗin wata gudan nan shi ne zuciyar maganar. Yana hana a sayo kaya marasa inganci musamman domin a lulluɓe su da sunan ragowar bazara.

To, me sababbin shiga suka yi? Sun ga jar takarda tana jawo jama'a, sai suka ƙi sauke ta. Da riba ta fara zubewa, suka koma ɗaga lambar farko zuwa inda ba a taɓa sayar da kayan ba, domin a soke ta a rubuta farashin da tun asali shi ake nufi. Wannan ba zargin tsofaffi ba ne, kotu ta ji shi. A 2015 kamfanin J.C. Penney ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka kai a kan tsohon farashi na bogi, kuma a Disambar 2016 lauyan birnin Los Anjalas ya maka shi tare da Sears da Kohl's da Macy's a kan irin wannan zargi. Tarayyar Turai ma sai da ta sa doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa farashin da za a soke dole ya zama mafi ƙanƙanta da aka sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. Abin da kunya da mutuncin sana'a ke hanawa a da, yanzu sai da alƙali.

Za a ce mini ai mutane ne ke son haka, kuma hujjar da ake kawowa ba ƙarama ba ce. Ron Johnson, wanda ya gina kantunan Apple, ya karɓi J.C. Penney a ƙarshen 2011, ya tarar kamfanin ya yi tallan rangwame sau 590 a shekara guda, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na cinikinsa daga kayan da aka karya da rabi ko fiye yake fitowa. A Fabrairun 2012 ya share yawancin wannan, ya sa farashi mai sauƙi na dindindin. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar, aka sallame shi a Afrilun 2013. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba, amma ba su nuna abin da ake so su nuna ba. Kantin da ya shekara da shekaru yana koya wa jama'a cewa lambar farko wasa ce ba zai wayi gari ya ce su yarda da ita ba. Johnson ya gaji ciwon da wasu suka jawo, ya kuma yi gaggawa, bai gwada tsarin a 'yan rassa ba kafin ya shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Labarinsa shaida ne a kan tsadar dawo da amana bayan an zubar da ita, kuma gargaɗi ne ga wanda bai riga ya zubar da tasa ba.

Za a kuma ce Filene's Basement ɗin da nake yabo ai ya mutu. Haka ne, amma a duba yadda ya mutu. An raba shi da uwar kantin a 1988, sababbin masu shi suka baza rassa a garuruwa, kuma a rassan ba a bin tsarin kwanakin nan, sunan kawai aka ɗauka. Asalin ɗakin na Boston an rufe shi a 2007 saboda za a sake gina wurin, aikin ya tsaya cak, bai sake buɗewa ba, sauran rassan suka bi shi a ƙarshen 2011. Masu cewa kwamfuta yanzu ta fi kowa iya sa farashi, ina tare da su a rabin magana: ta fi mu saurin gane rigar da ba ta tafiya. Sai dai lissafinta a ɓoye yake, farashi na sauyawa safe da yamma ba wanda ya san dalili, mai saye kuma yana zargin an cuce shi ko da an yi masa araha. Na Filene a bango yake rataye, yaro ma yana iya karantawa.

Saura maganar kwana na 30, wadda ita ta fi damuna. Filene ya amsa tambayar inda kwantai za su tun 1909. A 2018 rahoton shekara na kamfanin Burberry ya nuna ya lalata kayan da suka kai fam miliyan 28.6 a shekara guda, har sai da surutun jama'a ya sa ya yi alkawarin dainawa, kuma Faransa ta kai ga haramta lalata tufafin da ba a sayar ba daga 2022. Saboda haka ina kira ga matasan da ke riƙe da kantuna a yau, manya da ƙanana: ku rubuta ranar shigowar kaya a jikinsu, ku sayar a farashin da kuka rubuta har yanayi ya juya, in lokacin ragi ya yi ku rage da gaske, ku faɗi ranar da za ku daina, kuma ranar ta yi ku sauke takardar.