Haruffa Biyu a Bakin Iyaka: Tarihin .ng da .ne Daga Illela

A 'yan kwanakin nan an yawaita tambaya kan yadda marubuci zai buɗe shafinsa na kansa a intanet, ya daina jingina labaransa a Facebook da WhatsApp kaɗai. Kafin a kai ga batun farashi da wanda zai gina, mun ga ya dace mu waiwayi tarihin abin da ake fara biya wa kuɗi, wato sunan shafin. Daga Illela za mu faro, domin mu mutanen bakin iyaka mun daɗe da sanin cewa layin da wasu suka ja a takarda yana iya hana mutum zuwa sunan ɗan ƙanwarsa.

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanni na cin juna. Amma a nan Naira muke kashewa, can Sefa. Lambar wayarmu da +234 take farawa, tasu da +227. Asalin rabuwar yarjejeniyoyi ne tsakanin Ingila da Faransa. A ta 1898 an ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, Ƙonni ta faɗo ɓangaren Ingilishi. Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, Ƙonni ta koma hannunsu. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa alamomi. Babu mutumin Ƙonni ko na Illela da aka nemi shawararsa.

Wannan layin ne aka sake ja a intanet, da haruffa biyu. Shafin Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana ƙarewa da .ng, na fadar shugaban ƙasa a Yamai yana ƙarewa da .ne. Ta yaya aka zo nan?

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar da ake kira IP. A shekarun 1970, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe ba su da yawa, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT yake ɗauke da sunan kowace da lambarta. Wata cibiyar bincike a Kalifoniya ce ke kula da shi ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kowa ya je ya kwafo. Da kwamfutoci suka yi yawa, fayil ɗaya ya kasa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar da ake kira DNS, wadda muke amfani da ita har yau. Dabararta ita ce a raba kundin hawa-hawa. Idan muka rubuta udusok.edu.ng, tambaya tana fara zuwa tushe, inda ake da rukunonin kwamfutoci 13 masu laƙabi daga A zuwa M. Tushe bai san jami'ar ba, abin da ya sani shi ne wanda ke riƙe da .ng. Shi kuma ya nuna inda bayanan jami'ar suke, daga nan a samo lambar. Kamar baƙo ne ya sauka a tasha ya tambayi unguwa, mai unguwa ya haɗa shi da yaron da zai kai shi ƙofar gida. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Sunan farko da aka yi wa rajista da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985. Ƙasashe kuma aka ware wa kowace wutsiya mai haruffa biyu. Mutumin da ya daɗe yana rabon, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya ƙi ɗaukar wa kansa nauyin yanke hukunci kan wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba. Sai ya jingina da jerin ISO 3166, wanda aka fara bugawa a 1974. A jerin nan Najeriya NG ce, Nijar NE. A wata takarda da ya fitar a 1994 ya bayyana cewa mai riƙe da wutsiyar ƙasa amana aka ba shi domin al'umma, ba mallakarsa ba ce. Postel ya rasu a Oktoban 1998, shekarar da aka kafa hukumar ICANN da ta gaji aikin.

A 1995 aka buɗe .ng. Wakiliyar gudanarwa ita ce Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, amma ɓangaren na'ura yana wata cibiyar bincike a birnin Pisa na Italiya, domin a lokacin Najeriya ba ta da layin intanet tsayayye da zai ɗauki wannan aiki. Daga baya wani injiniya Ba'amurke, Randy Bush, ya riƙe ɓangaren. Ke nan shekara da shekaru makullin sunan Najeriya yana rataye a wajen Najeriya. A gida kuma aka yi ta jayayya kan wanda ya cancanci riƙewa, har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka damƙa wa hukumar NITDA. Ranar 23 ga Maris 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ba ta neman riba ba ce, a 2009 kuma aka tabbatar mata da riƙon .ng a hukumance. Shekara 14 ke nan daga buɗewa zuwa zama daram.

Nijar ta bi wata hanya dabam. An buɗe .ne a 1996, riƙonta kuma ya zo ya kasance a hannun kamfanin sadarwa na gwamnati, SONITEL, wanda daga baya aka haɗe shi da SahelCom ya zama Niger Telecom. Don haka marubuci ɗan Illela da abokinsa na Ƙonni, ko da littafi ɗaya suke rubutawa tare, idan kowa ya zaɓi wutsiyar ƙasarsa, hukumomi biyu ne a kansu, dokoki biyu, kuɗi iri biyu. Sai dai wannan iyakar tana da sauƙi ɗaya. An rufe ta ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A duk tsawon lokacin nan, mai karatu a Ƙonni yana buɗe shafin .ng ba tare da jami'in kwastan ya tsayar da shi ba. Albasa ta ruɓe a mota, rubutu ya wuce.

Wani zai ce, to ina ruwan marubuci da wanda ke riƙe da wutsiya? Labarin Mali ya isa amsa. A 2013 aka ba wani ɗan kasuwa ɗan Holan, Johannes Zuurbier, kwangilar shekara 10 ta kula da .ml. Kamfanin Freenom mai alaƙa da shi ya riƙa raba sunaye kyauta a .ml da .tk da .ga da .cf da .gq. Matasa da yawa a ƙasashenmu da su suka koyi buɗe shafi, tunda ba a biyan ko sisi. Amma a ƙa'idar kamfanin, sunan kyauta ba na wanda ya karɓa ba ne, aro ne. 'Yan damfara suka cika wurin, kamfanin Meta mai Facebook ya kai ƙara kotu, a 2023 aka daina rajista, Mali da Gabon suka karɓe wutsiyoyinsu, a farkon 2024 Freenom ya sanar da barin harkar. Miliyoyin shafuka suka mutu, na mugu da na mai gaskiya. Kayan aro dai ba ya rufe katara. A kan .ml ɗin nan ne kuma aka bayyana wa duniya a 2023 cewa saƙonnin sojojin Amurka masu ɗimbin yawa suna ɓacewa zuwa can, saboda masu aikawa suna mance harafi ɗaya a .mil. Mu da ake yawan rikita ƙasarmu da maƙwabciyarta a ƙasashen waje, sai mu lura: tsakanin .ng da .ne ma harafi ɗaya ne.

Wutsiya kanta tana iya mutuwa idan ƙasa ta sauya. Da Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1997, .zr ta ba .cd wuri. An share .yu ta Yugoslabiya a 2010.

Suna kuwa rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne masauki, wato kwamfutar da ake kira saba, wadda rubutunmu ke kwance a cikinta dare da rana. Duk wanda ya san kara a Illela ya san bambancin dillali da mai masauki. Dillali shi ne kamfanin da muke biya ya shigar da sunanmu a kundin NiRA ko na .com, mai masauki shi ne wanda ke ajiye kayan. Kamfani ɗaya yana iya yin aikin biyu, amma aiki biyu ne. Idan masauki ya lalace, muna iya kwashe kaya mu koma wani, mu juya sunan ya nuna sabon wuri, mai karatu bai ma san an yi ƙaura ba. Wanda ba shi da sunan kansa ba shi da wannan damar. Yahoo ya rufe GeoCities a Oktoban 2009, ya rufe Yahoo Groups a Disamban 2020. A zaurukan Yahoo ɗin ne marubuta da manazarta adabi da finafinan Hausa suka yi ta muhawara tun farkon shekarun 2000. Abin da wani bai kwafa ya adana ba, ya bi ruwa.

Inda masaukin yake ma abin dubawa ne. Shafi na iya ɗaukar .ng alhali sabarsa tana Jamus ko Amurka, mai karatu a Sakkwato sai saƙonsa ya bi wayoyin ƙarƙashin teku ya dawo. A Yulin 2009 wayar SAT-3 ta samu matsala, intanet ya durƙushe a Benin da Togo da Nijar da Najeriya. Ranar 14 ga Maris 2024, kwana ɗaya bayan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakarmu, wayoyi huɗu suka yanke a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wahala. Don saƙon gida ya riƙa zagayawa a gida ne aka kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a Legas a 2006, wadda yanzu take da reshe a Kano.

Saura abin da ya fi shafar mu masu alƙalami. An gina DNS a kan haruffan Ingilishi 26, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, haruffan da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Wanda ya so kiran shafinsa Baƙi sai ya wayi gari da baki. Mai son Ƙasa ya samu kasa. A 2003 aka fito da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, inda na'ura ke juya su a ɓoye zuwa rubutu mai farawa da xn--, a 2010 kuma Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu wutsiyoyi da haruffan Larabci. Amma kowane mai kundi shi ke zaɓar haruffan da zai karɓa, kuma ba kowane mai karatu ke da ƙugiya a allon wayarsa ba. A nan ma iyaka ta biyo mu: mu muna rubuta 'ya'ya, a Ƙonni ana rubuta ƴaƴa. Alamar da muke sa wa a gaban y ba ta shiga sunan shafi ko kaɗan.

Daga wannan tarihi, ga abin da muke ganin ya kamata mu riƙe. Suna haya ne, ba saye ba. Yawanci shekara-shekara ake sabuntawa, idan wa'adi ya wuce aka yi sakaci, bayan ɗan lokacin rangwame sai ya koma kasuwa wani ya ɗauka. Mun sha ganin marubuci ya biya wani ya gina masa shafi, mai ginin ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da suka ɓata ko ya sauya lamba, shafi ya tafi da shi. Don haka rajista ta kasance da sunanmu da imel ɗin da muke buɗewa, kalmar sirri a hannunmu. Mu rubuta ranar sabuntawa inda za mu gani. Mu zaɓi suna gajere wanda ma'anarsa ba ta lalacewa idan an cire ƙugiya, wanda za a iya faɗa a waya a rubuta daidai a Illela da Ƙonni. Wanda zai biya da Naira, .com.ng ko .ng sun fi masa sauƙi fiye da sunan da farashinsa ke bin Dala. Sannan kowane babi da muka ɗora, mu ajiye kwafinsa a wuri biyu da ba na mai masauki ba.

Wanda ke da shafi a cikinmu, ya duba yau: sunan wa ke kan rajistar, kuma yaushe wa'adinta zai cika?