Sarki John na Ingila da Babbar Takardar Alkawari

A cikin sarakunan Ingila duka da wuya a sami wanda ya bar mugun suna kamar Sarki John, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 1199. Tun daga rasuwarsa har yau ba a sāke naɗa wani mai wannan suna a ƙasar ba. Amma kuwa a hannunsa ne mutanen Ingila suka karɓi takardar nan da a ke kira Magna Carta, watau Babbar Takardar Alkawari, wadda ta yi wa ikon sarki iyaka a rubuce.

John shi ne autan Sarki Henry na Biyu, ƙanen Sarki Richard wanda ya yi yaƙi da Salahuddini a ƙasar Sham. Sa'ad da ya gāji wansa, ƙasar da ke hannunsa a hayin teku, cikin Faransa, ta fi Ingila kanta faɗi. Bayan shekara biyar sai Sarki Filib na Faransa ya ƙwace masa lardin Normandi a shekara ta 1204, da waɗansu lardunan kuma. Daga ran nan John ba shi da wani buri sai na tara kuɗin da zai komo da abin da ya kuɓuce masa. To, kuɗin yaƙi kuwa ba daga sama su ke faɗowa ba.

A zamanin nan ƙasa duka ta sarki ce, shi ke rarraba wa manyan hakimansa, su kuwa in yaƙi ya tashi su kawo masa barade. Wanda bai fita ba sai ya biya abin da su ke kira kuɗin garkuwa. Sarakunan da suka gabata jifa-jifa su kan nemi wannan kuɗi, amma John sau 11 ya aza shi cikin shekara 17 da ya yi yana mulki. In hakimi ya mutu, ɗansa ba shi gadon ƙasar uban sai ya biya kuɗin gado, ba kuwa wani ƙayyadadden abu, sai abin da bakin sarki ya faɗa. Kuɗin lissafinsu a lokacin shi ne mak, kowane mak ɗaya sule goma sha uku ne da kwabo huɗu. A shekara ta 1213 an yanka wa wani saurayi, John de Lacy, mak 7,000 kafin ya shiga gadon ubansa. Matar da mijinta ya mutu ya bar ta da dukiya, sarki ya kan sayar da aurenta ga wanda ya fi tayi, in kuwa ba ta so sai ta fanshi kanta. Dabarar a nan ita ce kowane babba ya zama yana da bashin baitulmali a wuyansa wanda ba ya iya biya. In ya bi, a ƙyale shi. In ya ɗaga kai, a buɗe littafi.

Abin da ya fi tsorata manya shi ne abin da ya sami gidan William de Braose. Wannan mutum dā aminin sarki ne, sa'an nan suka ɓata, sarki ya tuna da bashi, ya aika a ba shi 'ya'yansa jingina. Marubutan zamanin sun ce matarsa Matilda ta ƙi, har ta faɗa a gaban manzanni cewa ba ta ba da ɗanta ga wanda ya kashe ɗan wansa. Arthur ta ke nufi, ɗan wan sarki, wanda ya ɓace a kurkukun John a shekara ta 1203. William ya tsere zuwa Faransa ya mutu can. Matilda da babban ɗanta kuwa aka kama su a shekara ta 1210, aka kulle, aka hana su abinci har suka mutu. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a kira shaidu ba. Kowane hakimi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Ga kuma rigima da Paparoma a kan naɗin Stephen Langton babban limamin Kantabari, har aka hana yawancin ibadar coci a Ingila shekara shida. A 1213 John ya sauko, ya yi wa Paparoma mubaya'a, ya ɗauki alkawarin biyan mak 1,000 kowace shekara. Mai karatu ya riƙe wannan, gama zai yi aiki nan gaba.

Ran 27 ga watan Yuli 1214 Filib ya karya rundunar abokan John a Bouvines. Dukiyar da aka yi shekara goma ana tatsa ta tafi a yini ɗaya. Da sarki ya komo ya nemi kuɗin garkuwa, mak uku a kan kowane barde, sai hakiman arewacin Ingila suka ƙi. Ran 5 ga watan Mayu 1215 masu tawaye suka warware mubaya'arsu, ran 17 ga wata kuma aka buɗe musu ƙofofin Landan. Da birnin ya fita daga hannunsa, John ya san ba shi da sauran dabara sai sulhu. Langton ya shiga tsakani, aka haɗu a wata fadama da a ke kira Runnymede, a bakin kogin Thames. Takardar tana ɗauke da kwanan wata 15 ga Yuni 1215. Masu zane su kan nuna sarki riƙe da alƙalami, amma wannan kuskure ne, gama ba a sa hannu a zamanin nan, hatimi a ke bugawa a kan kakin zuma a rataya. Magatakarda suka kwafe ta da harshen Latin a kan fatar tumaki, aka rarraba cikin ƙasa. Guda huɗu sun rage har yau, biyu a Landan, ɗaya ta Lincoln, ɗaya a Salisbury.

Wanda ya buɗe ta yana zaton zai ga manyan kalmomi na 'yancin ɗan Adam, zai yi mamaki. Masana na baya sun kasa ta sashe 63, yawancinsu kuwa ƙananan koke-koke ne irin waɗanda a kan ji a ƙofar fada. An ƙayyade kuɗin gadon hakimi fam 100. An hana aurar da gwauruwa dole. An ce mudu da ma'auni su zama iri ɗaya ko'ina, a kuma cire shingen kamun kifi da ke tare hanyar jirage a kogi. Ma'aikacin sarki ba shi ɗaukar hatsin kowa sai ya biya nan take, ba shi kuma kama dokin ɗa ko kekensa don jigila, ko ya sari itacensa, sai da yardarsa. Tara ta zama daidai da laifi, kada ta cinye abin da mutum ke neman abinci da shi. Kada ma'aikaci ya gurfanar da mutum bisa maganarsa shi kaɗai ba tare da amintattun shaidu ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ba abin rainawa ba ne. Talaka ba safai ya kan ga sarki ba, yaran sarki ya ke gani, zalunci kuwa ta hannunsu ya ke isa gare shi.

Sashe na 39 da na 40 su ne suka rayu. Na fari ya hana a kama ɗa, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace masa dukiya, ko a kore shi daga ƙasa, sai bisa hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Na biyu kuwa a cikinsa sarki ya ɗauki alkawari ba zai sayar da shari'a ba, ba zai hana ta ba, ba kuma zai ja ta ba. Sashe na 12 ya hana aza kuɗin garkuwa sai da shawarar ƙasa. Amma fa a lura da kalmar nan ɗa. Babban kashi na manoman Ingila a lokacin ba 'ya'ya ba ne, a ɗaure su ke da gonakin iyayengijinsu kamar bayin rinji, sashe na 39 bai shafe su ba. Hakiman nan kansu suka yi wa yaƙi, ba talakawa ba.

Wa zai tilasta wa sarki ya cika alkawari? Sashe na 61 ya ce a zaɓi hakimai 25. In sarki ya saɓa, huɗu daga cikinsu su je su faɗa masa, in kwana arba'in suka wuce bai gyara ba, su tara jama'a su kame garuruwansa da gonakinsa, sai dai kada a taɓa jikinsa ko na matarsa da 'ya'yansa. Wannan magani ya yi kaifi ƙwarai, gama ba wani abu ba ne illa tawaye da izini, babu kuwa sarkin da zai zauna a kansa. John ya aika Rum a ɓoye, Paparoma Innocent na Uku kuwa ya tsaya wa mai biyansa mak dubu. Ran 24 ga watan Agusta ya soke takardar, ya ce da ƙarfi aka karɓe ta. Mako goma ke nan ta yi a duniya.

Yaƙi ya ɓarke. 'Yan tawaye suka kira Louis, ɗan Sarkin Faransa, ya zo ya karɓi sarauta. Ana cikin haka ciwon atuni ya kama John, ya mutu a Newark cikin watan Oktoba 1216, ya bar ɗa mai shekara tara, Henry na Uku. Mai riƙon yaron, William Marshal, tsohon barde ne mai kimanin shekara saba'in. Shi ne ya ga cewa makamin 'yan tawaye ya fi amfani a hannun sarki. Ya sāke fitar da takardar da sunan yaron cikin watan Nuwamba, ya cire sashe na 12 da na 61, wakilin Paparoma ma ya buga hatiminsa. Hakimai suka rasa dalilin yaƙi, suka dinga komowa. A 1225 Henry ya sāke tabbatar da ita, jama'a kuwa suka ba shi ɗaya bisa goma sha biyar na dukiyarsu. Daga nan al'ada ta kafu, in sarki na son kuɗi sai a ce ya fara sabunta alkawari. A 1354 Majalisa ta faɗaɗa maganar, ta ce kowane mutum, kome matsayinsa, ba a ɗaure shi sai an bi ƙa'idar shari'a.

Duk da haka rubutu ba ya buɗe ƙofar kurkuku da kansa. A 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya ɗaure manyan mutane fiye da saba'in don sun ƙi ba shi rancen dole. Biyar daga cikinsu suka nemi wani sammaci da a ke kira habeas corpus, wanda ke umurtar yari ya kawo ɗaurarre gaban alƙali ya faɗi dalilin tsare shi. Amsar da aka kawo ita ce, umurnin sarki ne na musamman. Alƙalai suka mai da su kurkuku. Majalisa ta harzuƙa, wani tsohon babban alƙali, Edward Coke, wanda uban wannan sarki ya tuɓe a 1616, ya tono takardar John ya kafa hujja da ita. A 1628 Charles ya yarda da takardar koke wadda ta hana ɗauri ba da bayyana dalili ba, sa'an nan ya sallami Majalisa ya yi shekara goma sha ɗaya bai kira ta ba. Ƙarshen rigimarsa da ita, aka sare kansa a 1649. Sai a 1679 aka yi dokar da ta sa wa sammacin nan haƙora: in kurkukun bai wuce mil ashirin ba, yari ya kawo mutum cikin kwana uku, in ya ƙi a ci shi tarar fam 100, alƙalin da ya hana sammacin kuwa fam 500. Abin da hakimai ashirin da biyar da dakarunsu suka kasa, tara da ƙayyadadden wa'adi suka yi shi.

Ko da ya ke Majalisa ta kan dakatar da wannan kariya in an shiga tsoro, kamar yadda ta yi a 1794, sammacin ya kai inda hakiman Runnymede ba su taɓa zato ba. A ƙarshen 1771 wani bawa baƙar fata, James Somerset, yana ɗaure cikin jirgi a Landan za a kai shi Jamaika a sayar, aka nema masa shi, alƙali Mansfield ya sake shi a 1772. A 1925 kuma Gwamnatin mulkin mallaka ta tuɓe Eshugbayi, Eleko na Legas, ta kai shi Oyo. Ya nemi sammacin, alƙalan Legas suka ce abin da Gwamna ya zartar ba nasu ba ne su bincika. Sau biyu maganar ta kai Majalisar Shari'a ta Sarkin Ingila a Landan. A 1931 alƙali Atkin ya bayyana cewa babu ma'aikacin Gwamnati da ke da ikon taɓa mutum ko dukiyarsa sai in zai iya kāre abin da ya yi a gaban kotu, ya mai da shari'ar Legas a ji ta daga tushe. Ba a kai ga jin ta ba, gama sabon Gwamna, Donald Cameron, ya janye umurnin. Eshugbayi ya komo gidansa a cikin shekarar nan, bayan shekara shida a Oyo, ya rasu a Legas a 1932.