Mayu da Oktoba a ƙofar firij

A ƙofar firij ɗinmu da ke Bronx akwai takardar da 'yata ta manna tun farkon shekarar karatu. Wurare biyu ta zagaye da jan biro: 1 ga Oktoba, ranar da aka saba buɗe neman tallafin kuɗin jami'a, da makonni biyun farkon Mayu, lokacin jarrabawar AP. Ni ɗan Damagaram ne, jarrabawar bak na sani. Sai da na bi diddigi kafin na gane cewa ranakun nan biyu ba gida ɗaya suka fito ba.

AP ce babba. A farkon shekarun 1950 malaman wasu makarantun kwana na 'ya'yan masu hali, Andover da Exeter da Lawrenceville, suka zauna da na Harvard da Yale da Princeton. Kukansu shi ne yaro mai kaifin kai yakan shiga jami'a ya tarar ana maimaita masa karatun da ya riga ya sha a sakandare. Gidauniyar Ford ta sa kuɗi, a 1955 kuma College Board ta karɓi ragamar shirin. Maki daga 1 zuwa 5 ne. Wanda ya ci da kyau, jami'o'i da dama kan yafe masa darasin. Saboda 'yan gata aka fara ta.

Tallafin kuwa daga wajen talaka ya taso, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Shugaba Lyndon Johnson ya taɓa koyar da 'ya'yan matalautan 'yan asalin Meziko a wani ƙaramin gari, Cotulla. Da zai sa hannu a dokar ilimi mai zurfi a 1965, sai ya koma kwalejin da ya yi a San Marcos, jihar Texas, ya sa a can. A 1972 aka kawo tallafin da ba a biya, wanda daga baya aka raɗa wa sunan Sanata Claiborne Pell. FAFSA, fom ɗin neman tallafin, ɗaya kyauta ga kowa, sai a 1992 doka ta haife shi. Shekara da shekaru 1 ga Janairu ake buɗe shi, iyaye na kirdadon abin da suka samu don ba su gama lissafin haraji ba tukuna. A 2016 aka dawo da shi Oktoba, aka ce a yi amfani da harajin shekara biyu kafin shekarar karatun da ake nema wa tallafi.

Yau duka biyun kan yaro ɗaya suke sauka. Tun 2019 rajistar AP ta koma kaka, kuɗin kowace takarda ya kusa dala 100, wanda ya makara a ƙara masa 40. In takardu biyu suka faɗo sa'a ɗaya, sai a nema masa zaman 'yan baya. Wasu jihohin kuma tallafinsu na wanda ya riga ne, in ya ƙare ya ƙare. Abin da ke cina shi ne, gidan da uba ya yi jami'a a nan duk sun san wannan tun yaro na ƙarami. Mu masu tasi da masu shago, 'ya'yanmu ke koya mana.

Daren da muka cika namu fom ɗin FAFSA, na ajiye mota da wuri, na fito da takardun haraji daga ƙasan akwati. 'Yata ta dube ni ta ce, "Baba, karanto mini lambar a hankali." Ranar Juma'a kuma na kai kwafin takardar firij ɗin masallaci, na ba liman ya sanar bayan salla.