Daga Damagaram zuwa Yamai kafin Jidda: tarihin filayen jiragen saman Nijar



Shekarar da gwaggona ta samu kujerar Makka, tun kafin kiran assalatu muka raka ta tashar mota a Damagaram. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma haka ta zauna cikin bis ta ci kilomita kusan 900, ba ta shiga Yamai ba sai cikin dare. Ta yi kwanaki a gidan dangi tana jiran kira. Ran da jirgin ya tashi kuma sai ya juyo gabas, ya keto ta saman ƙasar da ta baro. Da ta dawo muka je yi mata barka, ta ce da ni: "Ɗana, ni wahalar hajjina a hanyar Yamai na fara ta." Alhali ga filin jirgi nan a bakin garinmu.

Mutanen Maraɗi, da Tawa, da Difa, kowa na da irin wannan labari. Shi ya sa na ga ya dace yau mu koma baya mu ga yadda aka yi ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ta wayi gari kusan da ƙofa ɗaya ta sama.

Lokacin da jiragen Turai ke sauka Damagaram

Yaran yanzu da yawa ba su san Damagaram ta taɓa zama zango a kan hanyar jiragen ƙasa da ƙasa ba. A watan Fabrairun 1925 wani ayarin jirage biyu na sojan Faransa da ya taso daga Paris zai je tafkin Chadi ya yada zango a Yamai, ɗaya daga ciki ya faɗi wajen tashi. A lokacin ma Yamai ba ita ce babban birni ba, sai a 1926 gwamna Jules Brévié ya ɗauke fadar mulki daga Damagaram ya mai da ita bakin kogin Isa. A wannan shekara ta 1925 ɗin dai, cikin watan Nuwamba, jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano.

Shekara goma bayan nan, wajen 1934 zuwa 1935, aka buɗe hanyar jiragen wasiƙu da fasinja daga Turai zuwa Kwango. Kamfanin Faransa mai suna Régie Air Afrique da na Beljiyam mai suna Sabena su ne ke bin ta. Jirgi zai keto Sahara ta Aljeriya ya sauka Gao, daga nan Yamai, sai Damagaram, sai Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, kafin ya gangara Bangui. Ba don ƙaunarmu suke sauka ba fa. Jiragen zamanin ƙanana ne, tankinsu ba ya kai su nesa, dole su riƙa tsayawa shan mai, kamar dai yadda ayarin raƙuma ke bin rijiyoyi. Fili mai tauri da aka share, da gangunan mai, sun ishe su.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai jirage suka girma, suka fara cin dogon zango ba tsayawa. Daga nan zangon Damagaram ya mutu. Manyan jirage suna buƙatar doguwar kwalta, Turawan mulki kuma wuri ɗaya suka zaɓa suka kashe wa kuɗi, wato inda gwamna yake zaune.

Zamanin Air Afrique da Air Niger

Gab da samun 'yanci, a watan Disamban 1959, aka kafa ASECNA a Saint-Louis ta Senegal, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a samaniyar ƙasashe da dama na Afirka. A nan Nijar ta yi sa'a, domin a Yamai aka kafa makarantarta ta EAMAC a 1963, inda har gobe ake horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi daga ƙasashe daban-daban.

Ranar 28 ga Maris 1961 ƙasashe 11, har da Nijar, suka sa hannu a Yawunde suka kafa Air Afrique mai cibiya a Abijan. Dabarar mai kyau ce: tunda ba wadda ke iya riƙe babban kamfani ita kaɗai, a haɗa ƙarfi. Shi ke kai mu Paris, da Abijan, da Dakar. A cikin gida kuwa an kafa Air Niger a 1966, yana haɗa Yamai da Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas, da farko da jirage masu farfela irin DC-3. Dattawanmu har yanzu suna tuna ranar zuwan awiyo, yadda yara ke rugawa bakin fili kallo. A wancan lokaci hanyoyin mota ba su da kyau, da damina tafiyar Yamai kan ci kwanaki, saboda haka ma'aikacin gwamnati da babban ɗan kasuwa jirgi suke bi.

To me ya kashe su? Abu ne ya haɗu da abu. Kuɗin uraniyom da suka shigo bayan fara haƙa a Arlit a 1971 sun taimaka an shimfiɗa kwalta, mota ta fara yin tafiyar a kwana guda da kuɗi kaɗan. Sannan farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya bushe, gwamnati wadda ita ce babbar mai sayen tikiti ta kasa riƙe kamfanin. Air Niger ya tsaya a 1993. Shi kuwa Air Afrique, ma'aikata sun yi masa yawa, gwamnatoci na hawa bashi ba biya, sai ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, alhali bashin jirage da kuɗin waje ake biyansa. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace masa jirage huɗu ƙirar Airbus, a 2002 aka rufe shi baki ɗaya.

Daga nan filayenmu na jahohi suka koma na jiragen shugabanni, da na soja, da na ƙungiyoyin agaji. Agadas ce kaɗai ta ɗan ci gaba da ganin baƙi, saboda jiragen haya da ke kawo 'yan yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa lokacin sanyi. Tawayen 2007 da matsalar tsaro suka tsayar da wannan ma. Filin na Agadas yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda shi kansa a haɗarin jirgi ya rasu a Disamban 1995.

An yi ta gwada farfaɗowa. Arik Niger ya fara a 2009, bai daɗe ba ya tsaya. Niger Airlines ya fara jigila a 2014 da jirgi ƙirar Fokker 50, ya maido da hanyoyin Damagaram, Maraɗi da Agadas. Ta fannin waje kuwa ASKY mai cibiya a Lome, da Turkish Airlines, da Ethiopian Airlines sun shigo, suka tarar da irin su Royal Air Maroc da Air Algérie. Amma duk a Yamai suke sauka.

Me ya sa tsawon titin jirgi ke da muhimmanci?

Wani zai ce, ai fili fili ne, me zai hana jirgin alhazai sauka Maraɗi? Ga yadda abin yake. Jirgi sai ya yi gudu a ƙasa har iska ta ɗauki fukafukansa. In ana zafi iska kan yi sako-sako, ƙarfin inji ya ragu, sai jirgin ya buƙaci ƙarin tazara kafin ya ɗaga. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu na wuce digiri 40. Babban jirgi da ya cika da alhazai, da kaya, da man da zai kai shi Jidda, yana son titin da ya kai wajen mita 3000. Shekara da shekaru kuwa titin Damagaram da na Maraɗi ba su kai mita 2000 ba. A irin wannan wuri ko dai jirgin ya rage fasinja, ko ya rage mai, duka biyun kuwa asara ce ga mai jirgi.

Kuma ba tsawo kaɗai ba. Sai kwaltar ta iya ɗaukar nauyin. Sai da motocin kashe gobara daidai girman jirgin. Sai da fitilun dare, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'ajiyar mai, da katangar da za ta hana awaki da jakuna ketawa. Sai da na'urar da ke jagorantar matuƙi in hazo ya rufe gari, mu kuwa mun san yadda hunturu ke yi mana. Sai da 'yan sandan iyaka da duwan. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, sunan "na ƙasa da ƙasa" a allo kawai yake.

Kuɗin da aka kashe

Tun daga 2014, bikin 18 ga Disamba mai zagaya jahohi ya zo da manyan ayyuka: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. A cikin ayyukan har da gyaran filayen jirage, kuma duk wanda ya san yadda suke a da ya san an samu canji. Sai dai aikin da aka ɗaura wa ranar biki yakan zo da gaggawa, Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙi sun sauka, an yi fareti, an watse. Abin dubawa shi ne jirgi nawa ke sauka a sati bayan bikin.

Aiki mafi girma a Yamai aka yi shi. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin Diori Hamani a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 154, wato wajen miliyar 101 na sefa. An gina sabon zauren fasinjoji, an ƙara wa titin mita 800 ya kai 3800, shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe shi a watan Yunin 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli. Ba kyauta ba ce, kuma ba daga baitulmali kuɗin suka fito kai tsaye ba. Kamfanin ne ya zuba kuɗinsa, aka ba shi riƙon filin na shekara 30 ya mai da su ta hanyar harajin da ake ɗora wa fasinja da jirage. Kenan duk wanda ya sayi tikiti, har da alhajin Magariya ko na Madawa, yana cikin masu biya.

A gefe guda Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta bar shi a watan Agustan 2024. Titi ne mai kyau, amma ba don fasinja aka yi shi ba.

Darasin 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe samaniyar ƙasa, ba a sake buɗe ta ga dukan jiragen kasuwanci ba sai 4 ga Satumba. Air France ya daina zuwa, takunkumin CEDEAO ya yanke zirga-zirga da wasu maƙwabta har zuwa Fabrairun 2024. Ɗalibai sun maƙale, marasa lafiya masu zuwa magani waje sun rasa hanya. A nan muka ga abin da dogaro da kamfanonin wasu ke jawowa. Mun kuma ga dalilin da ya sa tun da daɗewa ɗan kasuwar Damagaram ke gangarawa Kano, kilomita wajen 240, ya hau jirgin Jidda ko na Dubai, maimakon ya yi 900 zuwa Yamai. Kuɗin masauki, da na mota, da harajin fili, duk can suke zama.

Gaskiya ɗaya kuma dole mu faɗa wa kanmu: kwalta ba ta kiran jirgi, fasinja ke kiransa. Muddin tikitin Yamai ya ninka kuɗin bis sau da yawa, talaka mota zai bi, jirgin da ke tashi rabinsa wayam kuwa ba ya daɗewa. Abin da ya ci Air Niger kenan, kuma shi zai ci duk wanda ya biyo baya in ba a sake lissafi ba.

Amma akwai fasinjan da ba ya yankewa. Kujerun hajjin da Saudiyya ke ba Nijar sun haura 15,000 a shekara, kuma kaso mai yawa na maniyyatan daga jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suke fitowa, ban da masu umra da 'yan kasuwa. In har za a sake kashe wata miliyar a filin wata jaha, ya kamata wakilanmu da hukumar alhazai ta COHO su fara da tambaya ɗaya: me ya rage wa wannan fili kafin jirgin alhazai ya riƙa tashi daga nan kowace shekara, ba sau ɗaya don ɗaukar hoto ba? Mita nawa, motar gobara nawa, tankin mai nawa? A faɗa wa jama'a lissafin a fili, sannan mu ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Gwaggona ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta da sauran magabatanmu. Amma bana ma akwai wata tsohuwar da za ta hau bis da asuba. Dattawan da suka taɓa shiga Air Niger daga Maraɗi, Tawa ko Damagaram, don Allah ku ba mu labarin yadda abin yake a lokacinku, yaranmu su ji.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sauke matafiyanmu lafiya. Amin.