Mayar da katun zuwa fim na mutane

Salo ne na ɗauko labarin katun na yara a sake shirya shi da 'yan wasa na gaske, kwamfuta kuma ta ƙera dodanni da abubuwan al'ajabi. A Amurka ya fi ƙarfi. Transformers, katun na 1984 kan kayan wasan kamfanin Hasbro, Michael Bay ya mai da shi fim a 2007. Disney ma ta sake Aladdin na 1992 a 2019.

A ƙasar Hausa, daga garin Fammar har birnin Kano, tatsuniyar kaka da dare ce katun ɗin yara. Daga nan Kannywood ta ɗebo: kamfanin Sarauniya Films ya mai da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim, da kayan aiki kaɗan amma da labarin da kowa ya sani tun yana goye.